Kwana Zuwa Kwana: Abin da Igiyar Birkila Ke Faɗa Kan Faralelogiram

Bara waccan yayana ya sayi fuloti a wata sabuwar unguwa da ke kan hanyar Dutsin-ma, da an ɗan fita daga cikin Katsina. Hamsin da ɗari, kamar yadda aka saba. Ranar ciniki dillali ya ja tef a gabanmu: gaba ƙafa 50, baya 50, dama 100, hagu 100. Kowa ya gani da idonsa, aka sallama, aka shafa fatiha. Sai ranar haƙa fandisho wani dattijon birkila ya iso da turakunsa da ƙunshin igiya. Bai ko waiwayi gefunan da muka auna ba. Ya sa yaronsa ya danne bakin tef a kusurwa ɗaya, shi kuma ya ratsa tsakiyar filin, ta cikin tafasa da ƙarangiya, zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Ƙafa 126 da 'yan inci. Suka koma ɗaya ɓangaren: 95 da 'yan inci. Dattijon ya ture hula ya sosa ƙeya.

"Alhaji, hilin nan ya kwanta. Ba shi da sukwaya."

"Haba Baba, ai a gabana aka auna."

"Gehe aka auna," in ji shi. "Ba a auna kwana zuwa kwana ba."

Dillalin bai yi mana ƙarya ko ta inci ɗaya ba. Gefunan huɗu suna nan yadda ya faɗa. Abin da bai faɗa ba, wataƙila shi ma bai sani ba, shi ne gefe huɗu ba su isa su tsayar da siffa ba. Muna tsammanin mun sayi rektangul, wato siffar ƙyauren ɗaki, ashe mun sayi ɗan'uwansa mai kishingiɗa, wanda littattafan lissafi ke kira faralelogiram.

Sunan ya fi abin nauyi. Faralelogiram siffa ce mai gefe huɗu wadda kowane gefe ke tafiya daura da wanda ke fuskantarsa, kamar ƙarafan layin dogo, ba su matso juna ba su kuma ja da baya. Larabawa sun ce masa mutawazil adla'i. Daga wannan sharaɗi guda sauran halayensa ke ɓullowa: gefuna masu fuskantar juna tsawonsu ɗaya, kusurwoyi masu fuskantar juna buɗinsu ɗaya, kusurwoyi biyu maƙwabta in an haɗa su digiri 180 ne. Layukan nan biyu da ke ratsa shi kwana zuwa kwana, waɗanda ake kira dayagonal, suna haɗuwa daidai tsakiyar juna. Rektangul ɗan gidan ne da ya miƙe tsaye, rombus kuma, irin yankan cincin da tuwon madara, ɗan gidan ne da gefunansa huɗu suka yi daidai. Murabba'i ya haɗa halin duka biyun. Ɗalibai da yawa na asarar maki a jarrabawa don sun ɗauka sai siffa ta karkace take shiga wannan zuriya.

Ga gwajin da yaro ɗan firamare zai iya yi. Ka samu karan dawa guda 3, ka haɗa bakunansu da ƙusa, ka yi alwatika. Matsa ta ta kowace fuska, ba za ta motsa ba sai dai karan ya karye. Yanzu yi da kara 4, biyu dogaye biyu gajeru. Da ka taɓa shi zai langaɓe, ya kwanta dama ko hagu, alhali babu karan da ya ƙaru ko ya ragu. Abin da ya sauya shi ne kusurwa da dayagonal. Shi ya sa dayagonal ke zama shaida: in biyun sun zo daidai, siffar na tsaye, in ɗaya ya fi ɗaya, ta kwanta. A fulotin 50 da 100 na gaskiya, kowannensu ya kamata ya ba da ƙafa 111 da inci kusan 10. Kuma shi ya sa kafinta ke buga katako a gicciye a bayan ƙyaure, mai walda ke tokare ƙafafun tankin ruwa da rodi daga kwana zuwa kwana. Da ka kafe tsawon dayagonal ka raba siffar gida biyu, alwatika biyu, langaɓewa ta ƙare. Dubi dogayen ƙarafan sabis na kamfanonin waya da suka cika gari, daga ƙasa har sama alwatika ce a kan alwatika.

To nawa muka yi asara? Girman faralelogiram shi ne gindi sau tsayi, amma tsayin da ake nufi shi ne na miƙe, tazarar da ke tsakanin gefunan biyu in ka tsallaka kai tsaye, ba tsawon gefen da ya jingina ba. Dalilin a bayyane yake ga duk mai almakashi: zana siffar a takarda, yanke alwatikar da ta yi tsini a gefe ɗaya, kai ta ɗaya gefen ka liƙa, sai ga rektangul cif. A fulotinmu kusurwar ta sauko daga digiri 90 zuwa wajen 70, don haka faɗin gaskiya ƙafa 47 ne. Ɗari sau 47, murabba'in ƙafa 4,700 ke nan a maimakon 5,000. Ɗari uku sun tafi, fiye da ɗakuna biyu masu sha biyu-sha biyu. Da karkatar ta tsaya a digiri 80, asarar ba za ta kai 80 ba, ba abin a tayar da jijiyar wuya a kai. Da ta kai digiri 60 kuwa, 670 ne za su salwanta. Asarar na farawa a hankali, sannan ta zabura.

A nan akwai wani wuri da na ga har wasu malamai na tuntuɓe, don kishingiɗa iri biyu ce kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce ta karan dawa: gefuna ba su sauya ba, tsayi ya ragu, fili ya ragu. Ta biyu ita ce ta tarin takardu. Jera takardun jarrabawa a kan tebur, ka tura saman tarin da tafin hannu har ya zame gefe. In ka duba shi daga gefe ya zama faralelogiram, amma takarda ko ɗaya ba ta ɓace ba, tsayin tarin na nan, girmansa na nan. Abin da ya ƙaru shi ne tsawon gefen da ya jingina. Wannan ta biyu ita ce Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, ya tabbatar a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, a mas'ala ta 35 ta kashin farko na littafinsa na jometiri: duk faralelogiram biyu da ke kan gindi ɗaya, tsakanin layuka biyu masu tafiya daura da juna, girmansu ɗaya. Ma'anar wannan ta fi yadda take a ido. Kana iya jan siffar har kewayenta ya kai daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga, amma ƙasar da ke ciki ba ta ƙaru da ko taƙi ɗaya ba. Furokulus, wani malamin Girka na ƙarni na 5 da ya yi wa littafin sharhi, ya ambaci yadda masu wayo ke cutar abokan rabonsu da wannan: su ɗauki gona mai gajeren kewaye da yalwar ciki, su bar wa wasu mai doguwar iyaka da ƙuntataccen ciki, a kuma yaba musu da rashin haɗama. Rikicin fili bai fara daga kanmu ba.

Littafin ya shiga Larabci a Bagadaza tun zamanin Haruna Rashid, ta hannun Hajjaj bin Matar, daga baya Sabit bin Ƙurra ya gyara wata fassarar. Ina kawo wannan ne saboda masu ganin lissafi baƙo ne da ya zo da Bature. Garin nan da muke ciki ya fitar da Muhammadu bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda a 1732 ya rubuta hanyoyin tsara lambobi a gidajen hatimi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, kusan shekara 180 kafin a buɗe Kwalejin Katsina.

Gona kuwa ba ta cika zuwa da gefuna daidai ba, nan ya yi tsawo, can ya tsuke. Hanyar da aka saba bi wurin awo, musamman a rabon gado, ita ce a haɗa gefuna biyu masu fuskantar juna a raba biyu, a yi wa sauran biyun haka, a ninka. Tsoffin Misirawa da Babilawa ma haka suke yi. Matsalarta ita ce kullum tana kumbura gonar, sai fa in rektangul ce. Wani Bafaranshe, Barinyon, yana da wata mas'ala da aka buga a 1731, bayan mutuwarsa, wadda har yau in na nuna wa yara sai sun ce a sake. Zana kowace irin siffa mai gefe huɗu, kome muninta. Nemo tsakiyar kowane gefe, ka haɗa ɗigon huɗu. Abin da zai fito faralelogiram ne, ko da yaushe. Sirrin na wurin dayagonal: kowane gefe na sabuwar siffar yana tafiya daura da ɗaya daga dayagonal ɗin uwar, kuma rabin tsawonsa ne. Girmanta kuma rabin girman gonar ne cif. Ke nan da igiya da turaku huɗu mutum zai iya auna karkatacciyar gona: kafa turaku a tsakiyar iyakoki, auna gindi da tsayin siffar da ke ciki, ninka da biyu.

Langaɓewar da birkila ke gudu kuwa, wasu ita suke nema da kuɗinsu. Ko da faralelogiram ya kwanta, akwai alkawarin da ba ya saɓawa: gefen da ke tsaye zai ci gaba da tafiya daura da ɗan'uwansa. Ka tuna tsohon sikelin nan mai faranti biyu a sama, wanda ake gani wurin wasu 'yan tireda da masu sayar da ƙusa. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ko a tsakiyar faranti aka ɗora dutsen awo ko a bakinsa, awon ba ya sauyawa? A sikelin sanda ɗaya, matsar da kaya nesa da tsakiya na ƙara masa rinjaye, yadda ƙaramin yaro ke ɗaga babba a lilon katako in ya koma can ƙarshe. Wani Bafaranshen, Robabal, ya warware wannan a 1669. Ya sa sanduna biyu, ɗaya a sama ɗaya ɓoye a cikin gindin sikelin, kowace na juyawa a tsakiyarta, ya haɗa bakunansu da ƙarafa biyu na tsaye masu ɗauke da farantan. Duk yadda sikelin ya rinjaya, ƙarafan nan na tsaye, farantan na kwance, kuma in wannan ya sauka da inci ɗaya wancan ya hau da inci ɗaya, kowane ɓangare nasa. Babu wurin da ya fi wani a kan farantin. Dabara ɗaya ce a ƙofar ƙarfe mai naɗewa ta bakin shaguna, da jak ɗin ƙaramar mota, da waifar wasu manyan motocin safa da ke share gilashi tana tsaye, da na'urar kwafar zane da wani Bajamushe, Shaina, ya ƙera a 1603, da haɗin sandunan da Jemis Wat ya yi wa injin tururi rajista a 1784.

Inda siffar ta fi ba ni mamaki shi ne fiziks, don a can ta tashi daga abin da ake zanawa ta koma hanyar yin tarawa.

Mudu 3 na gero da mudu 4, mudu 7 ne, ko a kasuwar Mai'adua ko a ta Jibiya. Amma ka yi tafiyar kilomita 3 sannan ka ƙara 4, ina ka tsaya? In gaba ka ci, kana nesa da gida da kilomita 7. In juyowa ka yi, 1. In gabas ka fara sannan ka yi arewa, 5. Akwai abubuwan da yawansu kaɗai ba ya bayyana su sai an faɗi inda suka dosa: tafiya, gudu, ƙarfin ja ko turi. Masana na kiransu bekta, suna zana su da kibiya, tsawonta shi ne yawan abin, tsininta shi ne alƙiblarsa. Ƙa'idar tara su ita ce a ɗora gindin kibiyoyin biyu wuri ɗaya, a cike faralelogiram a kansu. Dayagonal ɗin da ya tashi daga mahaɗarsu shi ne jimla. Ɗaya dayagonal ɗin, wanda ya haɗa tsinin wannan da na waccan, shi ne bambancinsu.

Ɗauki mota da ta kafe a yashi, abin da duk mai bin hanyoyin ƙauyukan Daura da rani ya sani. Ƙarti biyu, kowa da igiyarsa, kowa na ja da ƙarfin da zai ɗaga kilo 100. In sun jeru fuska ɗaya, motar na jin 200. In suka buɗe da digiri 60 tsakaninsu, 173. A digiri 90, 141. A digiri 120 kuwa, 100 kacal, wato ɗayansu gumin banza yake yi, ko a ce kowannensu rabin ƙarfinsa ne ke zuwa ga motar, sauran yana kokawa da ɗan'uwansa. Gaskiya ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwan ma sai sun san inda suka nufa. Haka matuƙin ƙaramin jirgin da ya tashi daga Katsina ya miƙi kudu da gudun kilomita 240 a awa, iskar hunturu na bugun gefensa da 70. A ƙasa gudunsa 250 ne, amma bayan awa ɗaya ya kauce hanya da kilomita 70, sai in ya karkata hancin jirgin ya tari iskar tun farko.

Ana kuma bin ƙa'idar ta baya, a ɗauki ƙarfi ɗaya a matsayin dayagonal a nemo gefunan da suka haife shi. Simon Sitebin, haifaffen birnin Buruj, a Beljiyam ta yau, da ya yi aikinsa a Holan, ya yi wannan a 1586 da kaya a kan gangare. Mai kurar ruwa da jarka 10 masu lita 25, ruwan kaɗai kilo 250 ne. A hawan da ke tashi mita 1 cikin kowace mita 10, kashi ɗaya cikin goma na nauyin ne ke jan kurar baya, kilo 25, ɗaya gefen kuwa, wajen kilo 249, na danna tayoyi a ƙasa. Shi ya sa yake iya hawa, shi ya sa kuma in hawan ya yi tsanani za ka ga yana bin sa a karkace, yana saƙa dama da hagu.

Misalin da na fi so shi ne igiyar shanya. Tsakar gida, igiya mai mita 6, an rataya jiƙaƙƙen bargo mai kilo 10 a tsakiyarta. Ɓangarorin igiyar biyu su ne gefunan siffar, kuma dayagonal ɗinsu na tsaye dole ya yi daidai da nauyin bargon. In igiyar ta yi sako-sako ta sauko da digiri 30, kowane ɓangare na jan kilo 10. In aka ɗaure ta tamau har saukowarta ba ta wuce santimita 26 ba, wato digiri 5, siffar ta baje ta yi siriri, sai gefuna sun yi tsawo ƙwarai kafin su ba da ɗan dayagonal ɗin da ake bukata: kowane ɓangare na jan kilo 57. Bargon kilo 10 ne ke tumɓuke ƙusa daga bango, uwargida na ɗora laifin kan yara. Babu ƙarfin da zai miƙar da igiya mai kaya sak, kuma saboda haka ne ake barin wayoyin lantarki da ɗan ciki tsakanin turaku, ba sakacin ma'aikata ba ne. Tsoffin direbobi na cin moriyar abin: a ɗaure igiya tamau tsakanin motar da ta kafe da bishiya, a je tsakiya a tura ta gefe, sai ƙarfin mutum ɗaya ya ninka sau da yawa.

Niyuton ya sanya wannan ƙa'ida a 1687 a matsayin sakamako na farko da ke biyo bayan dokokinsa uku na motsi, Barinyon ma ya fitar da ita a shekarar. Sai dai a lura, zane kaɗai ba ya tilasta wa duniya bin sa. Manyan masana irin su Daniyel Banuli a 1726 sun yi ta ƙoƙarin tabbatar da ita da hankali zalla, kuma kowace hujja sai an tarar ta jingina da wani zato game da yadda ƙarfi yake. A ganina abin da ya fi gaskiya shi ne a ce an gwada an ga haka halitta take. Ba duk abu mai alƙibla ke bin ta ba. Ɗauki littafi ka juya shi kwata ɗaya zuwa gaba sannan kwata ɗaya zuwa dama, ka sake daga farko ka sauya jerin, za ka ga ya ƙare a zama daban. A faralelogiram kuwa, ko ta wane gefe ka fara, kusurwa ɗaya za ka isa.

Masu gyaran wuta na aiki da siffar kullum ko ba su kira sunanta ba. Wutar da ke zuwa mana tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, a kan layi uku, waɗanda muke tsalle a tsakaninsu in an ce a canza layi. Kowane layi na bin bayan ɗan'uwansa da sulusin zagaye, digiri 120. Tsakanin layi ɗaya da nutural ana samun bolt wajen 240. Mai tsammani zai ce tsakanin layi biyu 480 ne, ko kuma sifili. Mita na nuna 415. Zana rombus mai gefe 240 da kusurwa 120: gajeren dayagonal 240 ne, dogon kuwa, wanda shi ne bambancin layukan biyu, 415. Wannan ce wutar da manyan injinan niƙa ke sha, ita ce kuma ke iya kutsowa gidaje ta ƙona firji da talabijin in wayar nutural ta tsinke.

Lambobin nan suna da wata alaƙa da ta ratsa duk abin da na faɗa. Ninka kowane dayagonal da kansa ka haɗa, za ka samu daidai da abin da za ka samu in ka ninka kowane gefe cikin huɗun da kansa ka haɗa. A fulotinmu gefuna sun ba da 2,500 sau biyu da 10,000 sau biyu, jimla 25,000. Ninka 126 da 'yan incinsa da kansa, ka yi wa 95 haka, ka haɗa, 25,000 za ka dawo. Duk abin da dayagonal ɗaya ya ci, daga bakin ɗayan ya ƙwata. In siffar ta miƙe ta zama rektangul, maganar ta koma ƙa'idar Faisagoras da ake haddacewa a makaranta: dayagonal sau kansa daidai yake da tsawo sau kansa a tara da faɗi sau kansa. A 1935 wasu masana lissafi biyu, Jodan da fon Noiman, suka nuna cewa wannan daidaito shi ne ma'aunin da ke rarrabe hanyoyin auna nisa: wadda ta cika shi tana da kusurwa da sukwaya a cikinta, wadda ta gaza ba ta da su. Ɗan Keke Napep a unguwar da tituna suka yi layi-layi ba ya ratsa gidaje, nisansa shi ne tsawo a tara da faɗi. A awonsa, fili mai gefe 1 da 1 dayagonal ɗinsa 2 ne, kowanne, jimlar ta zama 8 a maimakon 4, ƙa'idar ta rushe. Lissafin da ake bayanin ƙwayar zarra da shi an gina shi ne a kan irin awon da ya cika wannan sharaɗi.

Safiyo kuma ba ya bukatar ya ratsa ƙarangiya. In ya san cewa gefe ɗaya ya tafi ƙafa 100 gabas da sifili arewa, ɗayan ya tafi 17 gabas da 47 arewa, sai ya ninka a gicciye ya ɗebe: 100 sau 47, a cire sifili sau 17, 4,700. Wannan ɗan lissafi shi ne ditaminan da 'yan sakandare ke haddacewa ba tare da an gaya musu cewa girman fili suke nema ba. In ya ba da sifili, siffar ta kwanta ƙasa warwas ta zama layi ɗaya, kuma wannan ne dalilin da ya sa wasu tagwayen lissafi ba su da amsa guda. Ko a cikin ƙasa siffar na nan. Mai yanka cincin ta san yankan gicciye ba ya barin ɓarɓashi a tsakiya, don faralelogiram na jeruwa ya rufe fili ba giɓi. Haka ƙwayoyin ma'adinai ke jeruwa: na gishiri a akwatuna masu sukwaya, na farar ƙasar da ake haƙowa a Ƙanƙara kuwa a akwatunan da suka ɗan kishingiɗa.

Ƙa'idar na da iyaka ta fuska biyu. Ainishtain ya nuna a 1905 cewa tara gudu da faralelogiram kusan daidai ne kawai, yana aiki ne saboda gudunmu bai kai ko kusa da na haske ba, kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa. Sannan siffar kanta na bukatar shimfiɗaɗɗen fili. Mutum biyu, ɗaya a Katsina ɗaya a Daura, su miƙi arewa sak, suna ganin daura da juna suke tafiya, amma a ƙarshen duniya ta arewa za su yi karo. A bayan ƙwallo babu rektangul na gaskiya. Masanan lissafi Musulmi, Ibnul Haisam da Umar Khayyam da Nasiruddin Tusi, duk sun yi fama da siffofi masu gefe huɗu suna neman tabbatar da zaton Yuklid kan layukan da ba su haɗuwa, kuma sai a ƙarni na 19 aka gane zato ne da ake iya sauyawa. A fulotin 50 da 100 dai lanƙwasar duniya ba ta kai kaurin gashi ba, ba za mu ɗora mata laifi ba.

Yayana ya so a koma wa dillali. Dattijon ya ce a bari, maƙwabta sun riga sun ja katanga ta ɓangare biyu, kuma hanyar da fulotan suka bi ce ta zo a karkace tun asali. Ya auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, 4 a ɗayar, ya yi ta matsar da turke har tsakaninsu ya zama 5, ya fitar da sukwayarsa a cikin filin. Ya ja kwana zuwa kwana sau biyu, tef ya faɗi abu ɗaya, sannan ya ce a sa diga. Gidan ya tashi a miƙe, aka bar alwatika biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowace gindinta ƙafa 17. Ta gaban an dasa darbejiya ana ajiye babur, ta bayan kuwa matar yayana ta zagaye ta da waya ta zuba kaji.